Brawn BGP 001: Motar da Honda Ta Ƙera, Ta Ci Duniya da Sunan Wani

Tambaya: Na ji ana cewa a 2009 wata ƙungiya da aka saya a kan fam ɗaya ta lashe gasar tseren motoci ta Formula 1, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da gaske ne? Motarsu ce ta fi ta kowa, ko dai coge suka yi?

Ɗan'uwa, da gaske ne, kuma motar da kake nufi ita ce Brawn BGP 001. Tsere 17 aka yi a waccan shekara, ta ci 8. Jenson Button ya zama zakaran direbobi da maki 95, ƙungiyar Brawn GP ta ɗauki kambun maƙera, wato na ƙungiyoyi masu ƙera mota, da maki 172, kuma kaka ɗaya tak ta yi a duniya. Coge kuwa babu shi, kotun hukumar wasan ta zauna ta wanke su. Sai dai zancen fam ɗayan nan yana rufe wa mutane ido, su ɗauka wasu talakawa ne suka harhaɗa mota a gareji suka kunyata Ferrari. Ni da lissafin iska da ƙarfe ne aikina, kuma na bi wannan kaka tsere bayan tsere, abin da na gani shi ne motar attajiri da ta wayi gari a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Dukiyar Honda ce ta haife ta, rashin kuɗi ya hana ta girma. In ka riƙe wannan, duk abin da ya faru daga Maris zuwa Nuwamba zai zauna maka daidai.

Masana'antar tana wani ƙaramin gari mai suna Brackley a Ingila, ba nisa da filin tseren Silverstone. Don ƙungiyar BAR aka gina ta, wadda ta sayi gurbin tsohuwar ƙungiyar Tyrrell ta fara tsere a 1999. Honda ta mallake ta ɗungurungum, ta sa mata sunanta daga 2006. Kuɗi kam akwai su, sakamako ne babu: maki 6 a 2007, maki 14 da matsayi na tara a 2008. A ƙarshen 2007 suka ɗauko Ross Brawn, wanda ya riƙe ɓangaren fasaha a Benetton da Ferrari a duk shekarun da Michael Schumacher ya ci kambunansa bakwai. Da ya duba motar 2008 ya ga ba ta gyaruwa, sai ya sa aka janye hannu daga kanta tun kaka ba ta yi nisa ba, aka juya injiniyoyi da zaurukan gwajin iska na Ingila da na Japan zuwa motar 2009. A daidai lokacin, McLaren da Ferrari na can suna kokawar kambun 2008 har kwanar ƙarshe ta tseren ƙarshe a Burazil, inda Lewis Hamilton ya ƙwace shi daga Felipe Massa da maki ɗaya. Kowa ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Abin da ya sa 2009 ta cancanci wannan kasada shi ne doka ta canza sosai. Masu kallo sun daɗe suna kukan motoci ba sa iya wuce juna, domin iskar da motar gaba ke bari a bayanta hargitsattsiya ce, tana raunana ta baya. Sai hukumar FIA mai kula da wasan ta sake fasalin motar da nufin rage dannawar iska da kusan rabi. Fiffiken gaba ya sauko ƙasa ya faɗaɗa zuwa milimita 1800, na baya ya tsuke ya hau sama, aka share ƙananan fikafikan da suka cika jikin motoci, aka dawo da taya mai sulɓi marar zane, wadda rabon da a gan ta tun 1997. Aka kuma ba da izinin KERS, na'urar da ke tara ƙarfi yayin taka birki ta mayar wa direba kimanin ƙarfin doki 80 na daƙiƙa shida da ɗoriya a kowane zagaye.

Bari in tsaya a kan dannawar iska, don in ba a fahimce ta ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Motar Formula 1 ta 2009, har da direbanta, kilo 605 ce mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda da shi. Mota mai wannan rashin nauyi in ta shiga kwana da gudu, taya ba za ta iya riƙe kwalta ba sai an danna ta ƙasa. Ba a son ƙara mata nauyi, don haka iska ake sa wa ta yi dannawar. Fiffiken jirgin sama yana ɗaga shi, na motar tsere kifaffe ne, ƙasa yake tura ta. Amma fiffike yana da tsada, domin gwargwadon dannawar da ya ba ka gwargwadon yadda yake riƙe ka a miƙaƙƙiyar hanya. Dannawa mai araha a ƙarƙashin mota take. Iska na kutsawa tsakanin kwalta da shimfiɗaɗɗen cikin motar, a can baya kuma cikin yana lanƙwasawa sama ya buɗe kamar bakin mazurari. Wannan buɗewa ita ke zuƙo iskar da ke ƙasa, ta sa ta gudu da sauri, matsinta ya ragu, motar ta manne da ƙasa kamar an tsotse ta. Wannan ɓangare shi Turawa ke kira difiyuza, ni zan ce masa mazurarin baya. Girman bakinsa shi ne ƙarfinsa, shi ya sa dokar 2009 ta matsar da shi baya ta kuma ƙayyade tsayinsa a milimita 175.

To a nan bango ya tsage. Cikin motar ba shafaffe ɗaya ba ne, hawa biyu ne: tsakiya ta fi sauka, gefe da gefe sun ɗaga da milimita 50, akwai ɗan bango a tsaye da ya haɗa su. Doka ta yi magana a kan abin da ido zai gani in an leƙa motar daga ƙasa kai tsaye, ba ta rufe ƙofar barin kafa a wannan tsayayyen wuri ba. Wani injiniyan Honda ɗan Japan ya lura cewa in aka bar kafofi a nan, iska za ta bi ta cikinsu ta hau wani mazurari na biyu da aka gina a saman na farko, a tsakiyar motar inda doka ta fi sassauci. Na ƙasa ya tsaya a milimita 175 ɗinsa daidai, na sama ya ƙara faɗin bakin fita. Mazurari ya zama bene. Da wannan suka dawo da kaso mai tsoka na dannawar da doka ta yi niyyar ƙwacewa.

Ga abin da ke sa ni kare su da zuciya ɗaya duk lokacin da aka ce coge. Tun a 2008, a zaman da shugabannin fasaha na ƙungiyoyi ke yi, Ross Brawn ya faɗa musu cewa dokar yadda aka rubuta ta ba za ta rage dannawa kamar yadda ake so ba, ya nemi a ƙara ɗaure ta. Ba su yarda ba. Sannan ba Brawn kaɗai ta zo da mazurari mai hawa biyu ba, Toyota da Williams ma da shi suka fito. A Melbourne ta Ostireliya, kafin tseren farko, Ferrari da Renault da Red Bull suka shigar da ƙara, alƙalan fili suka duba motocin suka ce halal ne. Aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun FIA a Faris, ranar 15 ga Afrilu ta tabbatar da hukuncin. An karya manufar dokar, wannan ba na musunsa. Amma a wannan wasa da abin da aka rubuta ake aiki, kuma waɗanda suka kai ƙarar, kafin hukunci ya fito sun riga sun fara zana nasu.

Mu koma baya kaɗan. Ranar 5 ga Disamba 2008, tattalin arzikin duniya ya durƙushe, cinikin motoci ya faɗi, Honda ta sanar da cewa ta fita daga Formula 1. Ma'aikata kusan 700 suka wayi gari ba su san makomarsu ba, ga mota an kusa kammalawa, ba inji ba mai gida. Wata uku Ross Brawn da Nick Fry, shugaban gudanarwar ƙungiyar, suna neman mai saye, mutanen masana'anta kuwa suka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. A ƙarshe shugabannin suka karɓi ƙungiyar da kansu, aka sanar ranar 6 ga Maris 2009, saura mako uku a fara gasa. Fam ɗayan alama ce kawai ta cewa an yi ciniki. Honda ta haɗa musu da kuɗin da za su yi shekarar, domin rufe masana'anta da biyan haƙƙin ma'aikata ma kuɗi ne masu yawa, ga zubar da mutunci. Kuɗin na rayuwa ne, ba na gasa da manya ba. Button ya yarda aka rage masa albashi. Abokin tuƙinsa Rubens Barrichello, mai shekara 36, wanda da yawa suka ɗauka ya gama, aka riƙe shi saboda gogewarsa. Bayan tseren farko aka sallami ma'aikata kusan 270, kuma wannan ɓangare na labarin yana min ciwo har yau, domin hannayensu na cikin waɗanda suka gina motar da ta ci.

Inji kuwa daga Mercedes aka samo, mai silinda takwas, lita 2.4, wanda doka ta tsayar da juyawarsa a 18,000 a minti. Duk bakaniken da ya taɓa ɗora injin wata mota a kan wata ya san ba a rabuwa da matsala, balle a motar tsere, inda inji ba kaya ba ne da aka ɗora, shi kansa ƙashin bayan motar ne: gabansa a ɗaure da mazaunin direba, bayansa na ɗauke da giyabos, giyabos na ɗauke da tayoyin baya. An zana komai ne a kan injin Honda. Dole aka yanke bayan gangar jikin aka sake gina shi, tsayin karanshaf bai zo daidai da giyabos ɗin da aka riga aka ƙera ba, aka yi dabarar haɗa su, nauyi ya ƙaru ya kuma ɗan hau sama. A takarda wannan nakasu ne. A kan kwalta ribar ta fi hasarar, domin injin Mercedes ya fi na Honda ƙarfi da sauƙin sarrafawa, kuma a ganina shi ne inji mafi kyau a waccan shekara: tsere 10 cikin 17 shi ya ci, takwas a Brawn biyu a McLaren. Inji ɗaya Button ya yi amfani da shi ya ci Bahrain da Sifen da Monako a jere. KERS kuwa ba su saka ba sam. Nauyinta wajen kilo 30 ne, kuma barinta ya ba su damar ajiye nauyi a inda motar ta fi buƙata.

Da motar ta fito gwaji a Barcelona a mako na biyu na Maris, fara fat da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa mai haske, kusan ba sunan kamfani ko ɗaya a jikinta, sai ta hau saman jadawalin lokaci. Aka riƙa raɗe-raɗin cewa da ɗan mai kaɗan suke gudu don su jawo masu talla. Melbourne ta kashe wannan magana. Button da Barrichello suka kama sahun gaba, da aka fitar da nauyin motoci sai ga shi sun fi na kusa da su ɗaukar mai. Ranar 29 ga Maris suka zo na ɗaya da na biyu, duk da cewa motar Barrichello ta yi masa gardama wajen tashi har ya koma baya. Rabon da sabuwar ƙungiya ta yi haka a tserenta na farko tun Mercedes a 1954.

Yanzu ga inda nake saɓa wa masu cewa mazurarin ne kaɗai. Toyota na da shi, ga kuɗi kamar ƙasa, ba ta ci tsere ko ɗaya ba, ta ƙare ta biyar. Williams na da shi, ta ƙare ta bakwai. Masu cewa fara aiki da wuri ne kaɗai, su dubi BMW Sauber, wadda ita ma ta saki 2008 don ta shirya wa 2009, alhali direbanta Robert Kubica na cikin masu neman kambu, ta zo ta ƙare ta shida. Abin da BGP 001 ta fi su da shi shi ne komai nata a tare aka yi tunaninsa. Sabon faffaɗan fiffiken gaba ya zo daidai gaban tayoyi, kuma tayar gaba ita ce babbar mai ɓata iska a irin wannan mota. Gefunan fiffiken Brawn an sassaƙa su ne su kore iska ta wajen taya, gurɓatacciyar iska ta yi nesa da cikin motar, mazurarin baya ya sami tsaftatacciya. Mazurari komai girmansa in iskar da ke isa gare shi hargitsattsiya ce, aikin banza ne. Wata goma sha biyar ko fiye na gwaji da kuɗin Honda su suka sayi wannan jituwa tsakanin gaba da baya, kuma ita ce ba a iya kwaikwaya cikin mako biyu.

Tsere bakwai na farko Button ya ci shida. A Malesiya ruwan sama ya tsayar da tseren bayan zagaye 31, aka ba da rabin maki. A Sin, cikin ruwa, Red Bull ta ci nasararta ta farko a tarihi, Sebastian Vettel na ɗaya Mark Webber na biyu, motocin Brawn na uku da na huɗu, kuma mai lura ya ga alama tun daga nan. A Sifen aka canza wa Button tsari zuwa tsayawa biyu, Barrichello ya zauna a kan uku ya rasa tseren da yake jagoranta, ransa ya ɓaci. A Monako suka sake yin ɗaya da biyu, Button ya ajiye mota a inda ba nan ake ajiyewa ba, ya taho da gudu a ƙafa zuwa wajen karɓar kofi. A Turkiyya Vettel ya yi kuskure a zagayen farko, Button ya wuce bai waiwayo ba. Ranar 7 ga Yuni yana da maki 61, Barrichello 35, Vettel 29.

Daga wannan rana Button bai sake cin tsere ba har kaka ta ƙare. Dubi lissafin: a tsere bakwai na farko Brawn ta tara maki 96, Red Bull 56.5. A goman da suka rage Brawn ta sami 76, Red Bull 97. Button shi kaɗai, 61 a bakwai, 34 a goma. Hatsin da aka zuba a rumbu kafin watan Yuni shi aka ci har Nuwamba.

Dalilin farko a fili yake. Da kotu ta halatta mazurarin, kowa ya koma ya gina nasa. Red Bull ta fi kowa shan wahala, domin babban injiniyanta Adrian Newey ya zana bayan motarsa RB5 a matse ƙwarai da wani tsarin sifirin da shokazoba da ya cinye wurin da hawa na biyu zai zauna, sai da aka sake fasalin bayan. Nata ya iso a Monako, babban gyara ya biyo baya a Silverstone. Ka tuna wannan mota ta ci tsere tun ba ta da mazurarin, to ina ga ta same shi. Daga tsakiyar shekara RB5 ita ce mota mafi sauri a filayen da ke da kwanoni masu gudu, ba na ɓoye wannan. McLaren, da ta fara kaka a baya can, ta zuba kuɗi da mutane har Hamilton ya ci Hungari da Singafo. Brawn kuwa gangar jiki uku kacal ta ƙera a duk shekarar, inda manyan ƙungiyoyi ke yin ninkin haka ko fiye. Button a guda ɗaya ya yi duka tsere 17. An rage ma'aikata, kuɗin sabbin kaya kaɗan ne, ga shi a 2009 an hana gwaji a fili da zarar an fara kaka, don haka duk sabon abu sai dai a gwada shi ranar Juma'ar tsere.

Dalili na biyu ya fi ban sha'awa ga injiniya, domin abin da ya zama alheri a farko shi ya juye ya zama matsala. Tayar tsere ba ta kama kwalta sai ta yi zafi, wajen digiri 100. In ta wuce ta narke ta lalace, in ba ta kai ba sai ta riƙa zamewa kamar a kan santsi. BGP 001 mota ce mai tausayin taya, Button kuma direba ne mai laushin hannu, ba ya fizgar sitiyari, ba ya dukan birki. A zafin Bahrain da Sifen da Turkiyya, inda tayoyin wasu ke ƙonewa, nasu lafiya lau. Da aka dawo sanyin Turai, a Silverstone da Nürburgring, sai taya ta ƙi ɗaukar zafi. A Jamus har an ga Button yana karkaɗa mota hagu da dama a tsakiyar tsere don ya ɗumama ta. Taya mai sanyi tana zamewa, zamewar ta sa fatarta ta dunƙule, riƙo ya ƙara raguwa, abu ya riƙa ciyar da kansa. Ya zo na shida a gida Ingila, na biyar a Jamus, na bakwai a Hungari. Barrichello, da ya fi shi matsa wa mota, bai sha wahalar kamar haka ba, shi ya sa a rabin kaka na biyu ya fi Button maki, 42 da 34.

A Hungari ne kuma motar ta shiga wani labari marar daɗi. Ranar Asabar, lokacin neman gurbin tashi, wani sifirin mai nauyin kusan kilo ɗaya ya ɓalle daga bayan motar Barrichello ya riƙa tsalle a kan hanya, ya daki hular kwanon Felipe Massa da ke tahowa da gudu. Ƙashin kansa ya tsage, aka yi masa tiyata, bai sake tsere ba sai 2010. Massa da Barrichello 'yan gari ɗaya ne, São Paulo, kuma aminai. Bayan wannan haɗari aka ƙara wani ƙaƙƙarfan shafi a saman gilashin hular direbobi.

Tseren da ya biyo baya, a Valencia, Barrichello ya ci, da saƙon fatan alheri ga Massa a rubuce a hularsa. Rabonsa da nasara tun Sin a 2004. Da tsohuwar zuma ake magani. A Monza kuma ƙungiyar ta nuna cewa ko gudu ya ragu, kai na nan. A lokacin ana shan mai a tsakiyar tsere, sai suka cika tanki suka haƙura da gurbi na biyar da na shida, suka tsaya sau ɗaya inda ukun farko suka tsaya sau biyu, Barrichello ya zo na ɗaya Button na biyu. Wannan maki 18 na Italiya, a nawa lissafin, su suka tsare kambun maƙera, domin sun zo ne mako biyu bayan Beljiyam, inda Button ya tashi daga na 14 aka buge shi ya fita a zagayen farko.

Akwai wani adadi da ba a cika ambata ba, alhali ya kai mazurarin muhimmanci. Mota biyu a tsere 17, tashi 34 ke nan, sau biyu kacal Brawn ta kasa kaiwa ƙarshe: giyabos ɗin Barrichello a Turkiyya, da karon Button a Beljiyam wanda ba laifin mota ba ne. Motar da aka yi wa dashen inji cikin gaggawa, ba ta sami gwajin hunturu na kirki ba, ta yi wannan. Button ya ci maki a tsere 16 cikin 17. Vettel kuwa ya yi karo a Ostireliya, ya zame a Malesiya, ya daki shinge a Monako, mota ta lalace masa a Hungari, inji ya mutu a Valencia. Tazarar da ta raba su a ƙarshe maki 11 ce. Ranakun da Button ya lallaɓa ya kawo mota a matsayi na biyar ko na bakwai, ana ta zaginsa cewa ya tsorata, su ne suka cike wannan tazara.

Burazil, 18 ga Oktoba. Button na da 85, Barrichello 71, Vettel 69, saura tsere biyu. Ranar Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Barrichello ya kama gurbin farko a gaban mutanen garinsu, Button ya tsinci kansa na 14. Washegari ya yi tuƙin da ya rufe bakin masu suka. Ya wuce Romain Grosjean, ya wuce Kazuki Nakajima, ya daɗe yana fama da Kamui Kobayashi wanda ranar ce tserensa na farko kuma bai san tsoro ba, ya wuce shi, ya wuce Sébastien Buemi, kowanne da jinkirta taka birki har wurin da kuskure kaɗan zai ƙare komai. Webber ya ci tseren, tayar Barrichello ta fashe ya koma na takwas, Button ya zo na biyar, kambu biyu suka tabbata a rana ɗaya. A Abu Dabi ya rufe kaka da matsayi na uku. Jadawalin ƙarshe: Button 95, Vettel 84, Barrichello 77. A maƙera Brawn 172, Red Bull 153.5, McLaren 71, Ferrari 70.

Batun ɓacewa kuma, suna ne ya ɓace. Ranar 16 ga Nuwamba 2009 kamfanin Daimler, mai Mercedes, tare da kamfanin zuba jari na Aabar na Abu Dabi suka sayi kashi 75.1 cikin ɗari na ƙungiyar, ta koma Mercedes. Button ya tafi McLaren, Barrichello ya tafi Williams, Schumacher ya dawo daga ritaya ya haɗu da Nico Rosberg. Bashin 2009 sai da aka biya shi: ƙungiyar da aka rage wa mutane, ta kuma ƙarar da ɗan abin hannunta wajen kare kambu, motarta ta 2010 ba ta ci tsere ba, ta ƙare ta huɗu, kuma sai a Sin a 2012 Rosberg ya kawo musu nasarar farko. Mazurari mai hawa biyu kowa ya yi amfani da shi a 2010, aka haramta shi daga 2011. Masana'antar Brackley ɗin nan dai ita ce ta zo ta ci kambun maƙera takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, da mutane irin su Andrew Shovlin, injiniyan Button a 2009, da Peter Bonnington, da James Vowles mai tsara dabarun tsere, duk 'yan zamanin farar mota.

In za ka nemi tsofaffin bidiyon kakar, ka fara da Bahrain. Motocin Toyota biyu ne a sahun gaba, Button na huɗu, Hamilton ya yi amfani da KERS ya sha gabansa wajen tashi. Ka lura da kwanar farko a zagaye na biyu, yadda Button ya shiga ta ciki ya ƙwace matsayin da birki kawai, don ya san in ya zauna a bayan mota mai KERS ba zai iya wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya ba, tseren ya tafi ke nan. Daga nan ka kalli Silverstone, ka sa ido a kan hannayensa a kwanonin Maggotts da Becketts, yadda yake ta gyara sitiyari a motar da mako biyu kafin nan, a Turkiyya, take bin layi kamar an zana mata.